Asabar Ɗin da Ka Kai Ni Tafkin Madarumfa

Mushe,

Bayan gaisuwa. Na kira ka da sunan da ɗalibanka suka saba, Mushe, wato malamin makaranta a bakin 'yan boko. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don babu direban tasha da ya san hanyar inda kake. Duk da haka sai na rubuta. Jiya na fita takaba. Wata huɗu da kwana goma ina haɗiye magana a gaban masu zuwa gaisuwa, kuma na gaji.

Bari in fara da labarin gida. Ɗiyarmu Hadiza ta ci jarrabawa, za ta shiga lise, babbar sakandare. Ba ta yi murna ba, ta dai ajiye takardar bisa teburinka ta shige ɗaki. Damina ta sauka, Inna mahaifiyarka ta koma ƙauye wajen shuka. Rufin madafa da ka ce za ka gyara yana nan yana yoyo.

To, yanzu faɗa mani, don me ka ɓoye mani?

Bayan sadakar arba'in aka kawo kayanka cikin kwali daga lakwal, makarantar da kake koyarwa. Ina jera littattafan na ga takardar likita a ninke. Na yi karatu daidai gwargwado, Mushe, na gane abin da ke ciki. Zuciyarka ta kumbura. An hana ka gishiri, an hana ka wahala, an hana ka doguwar tafiya cikin rana. Wata ukku kafin tafiyarmu aka rubuta ta. Magungunan kuma cikin gwangwanin alli na tarar da su. Wata ukku ina zuba maka gishiri a miya, kana ci kana yabawa!

Ka tuna ranar Juma'ar da ka dawo gida ka ce Maradi ta ishe ka? Hayaƙin babura, ƙarar injin niƙa, hayaniyar ɗalibai. Ka ce mu tafi Madarumfa mu sauka gidan gwaggonka, ranar Asabar mu zagaya tafki da ƙafa, Lahadi mu komo. Maƙwabta har dariya suka yi mana, wai mutum ya biya mota don ya je ya yi tafiyar ƙasa. Ni ko ban damu ba. Shekara ashirin da aurenmu, ba mu taɓa fita mu biyu ba sai biki ko ta'aziyya. Na yi dambun zogale, na cika gora da bisap, ruwan zoɓo, na ɗaura zanen da kake so.

Mun fita da sanyin safiya. Mun ratsa garaken albasa, mun tsaya kallon masunta suna jan koma. Kana nuna mani itatuwa kana faɗin sunayensu kamar kana gaban allo. Da hantsi ya ɗaga ka fara tsayawa kana dafa ƙugu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba'a na yi maka. Na ce tsufa ya kama ka, na ce kai ka kawo shawara ga shi mace ta fi ka ƙafa. Ka yi murmushi ka zauna gindin gawo, ka ce tsuntsaye kake son kallo. Na ji haushi, na bar ka nan na gangara wajen masunta. Na daɗe ina cinikin kifi, ina jayayya kan dala biyar. Da na dawo na tarar ka kife gefe ɗaya, hularka cikin rairayi.

Ka kira ni? Shi ne abin da ke cina. Ka kira sunana ban ji ba?

Wani tsohon manomi da ya fito daga wajen Safo da amalanken jaki shi ya ji ihuna. Ba mai salla ba ne, bai san mu ba, amma ya sauke buhunansa a ƙasa ya ɗora ka, ya tuɓe rigarsa ya kare maka rana. Ya kori jakin nan iya ƙarfinsa. Kanka yana bisa cinyata. Tun kafin mu ga ƙofar asibiti na san ka tafi.

Da na nuna wa ƙanenka Sani takardar, ya sunkuyar da kai. Ashe shi ya kai ka wajen likita a motarsa, ranar da ya ce mani lodi zai kai Jibiya. Wai ka sa shi ya rantse ba zai faɗa ba, don kada hankalina ya tashi. Hankalina, Mushe? Yanzu kwance yake? Ka yarda da ƙanenka, ka bar matar da ke dafa maka abinci cikin duhu. Da na sani, da na ɓoye takalmanka. In kuma ka nace sai ka ga tafkin garinku, da na riƙe hannunka, mu tafi sannu, mu zauna duk inda ka gaji. Ka hana ni wannan, ka bar ni da kalmar ƙarshe da na faɗa maka, kuma ba'a ce.

Ranar da aka fito da kai, liman ya aiko a tambaye ni ko na yafe. Na ce na yafe duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa, don lokacin ban san kome ba. Yau da za a sake tambayata, shiru zan yi. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, ban taɓa fashi ba, amma da fushina nake ɗaga hannu. Zan yafe maka, na sani. Ba yau ba dai. Allah ya riga ni yafe maka, ya haskaka kabarinka.

Ka huta lafiya.

Matarka har yanzu,
Zainabu