Barewar Soso a Bayan Gida

Yaya Loretta,

Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, aikin katako a Montana sai godiya.

Na fara koyon harbi da baka. Na sayi ƙarami, na kafa barewar roba da aka yi da soso a bayan gida ina gwada hannu a kanta. Shekaranjiya na tarar an yage mata wuya. Maƙwabcina, tsoho Arvid, ya duba sawun, ya ce, "Zakin dutse ne, yaro. Ya ɗanɗana soso, bai ji daɗi ba."

Ba komai, dariya muka yi. Amma ki aiko min babban bakan Baba, kada Mama ta ji. Yau ma zakin ya dawo, amma sawun bai je wurin barewar ba. Inda nake tsayawa ya tsaya.

Allah ya tsare mu.

Ƙaninki,
Wendell