Ƙugiyar da Ta Karya Ɗalhatu

Ain Khaled, Doha
4 ga Maris

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Na'ima da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda maimakon saƙon waya. Ki karanta, za ki ga dalili.

Kin san shekara uku ke nan da aka yanke wa maigidana Ɗalhatu yawancin hanjinsa. Abincinsa a leda yake, ni nake rataya masa a gida, ya bi siririn bututu ya shiga jijiya. Mun saba. Watan jiya aka yi masa hoto, likita ta ce irin wannan ciyarwa in ta daɗe takan rage ƙarfin ƙashi, nasa ya zama kamar karan da gara ta ci. Ta ƙara masa magani a ledar, ta ce ya riƙa tattaki da shan hantsi, kuma kada ya kuskura ya faɗi.

Sai na tura wa danginsa saƙo a zaurensu na waya, cewa a taya mu da addu'a, matsalar ƙashi ta taso. Wayata ba ta da "ƙ" mai ƙugiya. Ki cire ƙugiyar ki sake karantawa.

Yaya, mutum talatin ne a zauren nan, ba wanda ya kira ya tambaye ni. Suka zauna suka yanke cewa cikinsa ne ya ɗaure. Aka ƙullo ganyen filasko daga Zariya, aka damƙa wa yayansa Mas'udu, direban nan da ke Al Wakrah, nan kusa da mu. Ya bari sai da na fita cefane, ya zo ya jiƙa ya miƙa masa. Shi kuma Ɗalhatu, injiniya guda, ya kafa kai ya shanye, wai ba zai iya musa wa yayansa ba. Maganin sakin ciki ga mutumin da hanjinsa bai kai kamu biyu ba!

Cikin ya ɓarke. Ya yunƙura zuwa bayi, ya zame a kan tayil, ƙugu ya karye. Abin da na tarar ba zai rubutu ba. Mijina kwance a ƙasa yana salati, Mas'udu tsaye a bakin ƙofa ya toshe hanci da hularsa. Ni na wanke komai. Wallahi ban ji ƙyamar na kwance ba, ta na tsayen ce ta cika ni.

An yi aiki an sa ƙarfe. Likita ta ce ƙashin ya yi laushi, ba ta da tabbacin zai riƙe. Sai nan da wata uku za mu san ko zai sake takawa.

Mas'udu kuwa cewa ya yi khalas, wato shi ke nan, ƙaddara ce, kuma ai ni na rubuta. Na rubuta, ban musa ba, abin yana cina. Amma matambayi ba ya ɓata.

Don Allah ki je wajen Hajiyarsu ki karanta mata wannan da bakinki, ki danna ƙa ɗin sosai ta ji. A roƙa masa Allah ya haɗa ƙashin. Addu'a kawai, kada a aiko da komai.

Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna.

Taki ƙanwa,
Rahmatu