Ranar da Dogo Ya Zama Ni

Litinin, 3 ga Maris

Yau an kawo mana kwamfuta makarantar sansani! Aka ɗora ta kan teburin hedimasta, mu malamai tara muka cunkushe a gabanta. Wata mata mai gilashi ta bayyana daga can wata ƙasa, wai za ta horar da mu ta hanyar wasan kwaikwayo. Ni da wasa? Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa kafin mu gudo. Amma wallahi na sha dariya. Hoton ya tsaya bakinta a buɗe, Dogo malamin lissafi ya ce, "Ku ba ta ruwa mana!"

Laraba, 5 ga Maris

Na ƙagu Litinin ta zo.

Abu ɗaya ke damuna. Yarinyar nan mai zama bakin ƙofa a ajina, kwana huɗu ba ta zo ba. Goggonta ta ce, "Malama, in kin buga tebur sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta ce ba za ta koma ba." Yara saba'in da biyu fa. In ban buga ba, wa zai saurare ni?

Litinin, 10 ga Maris

Kai, yau an yi abu! Mai gilashi ta ce kowa ya zauna a bencin yara, abokin aikinsa ya kwaikwaye shi. Dogo ya yafa mayafina, ya shigo yana hura hanci, har da yadda nake gyaran murya. Malaman wasu sansanoni biyu da ke kallo ta kwamfutar suna ta tafi. Ni ma dariya nake har da hawaye.

Sai ya ɗaga rula ya maka wa tebur.

Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci ba, na toshe kunnuwa. Kamar ranar da aka shigo garinmu da bindigogi.

Ɗaki ya yi tsit. Mai gilashi ta ɗauka hoton ne ya sake tsayawa, tana ta "Kuna jina?" Dogo ya sunkuyo ya ce, "Yi haƙuri, Yaya. Sau ɗaya fa na buga. Ke kina yin goma kafin a fita hutu."

Na ji kunya. Na kuma ji haushinsa, don bai yi ƙarya ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je tantin su yarinyar nan mai zama bakin ƙofa. Abin da na iya cewa kawai: "Ni ma ƙarar tana ba ni tsoro."

Alhamis, 13 ga Maris

Ta zo! Takalmanta a hannu, wai ko da gudu zai kama. Aji ya kaure da surutu. Na jawo kujera kusa da ita na fara karatu ƙasa-ƙasa. Minti bakwai kafin su yi shiru, na ƙirga. Ba wai wasan ne ya canza ni ba, bakin ƙofar ya fi iska ne.

Da aka tashi ta ce, "Malama, gobe ma nan za ki zauna?"

Na ce sai na gani. Kujerar dai ban ɗauke ta ba.