Rumfar da ka fara a jikin tirela

Zuwa ga Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu ɗan aike zuwa inda kake. Amma na tsinci fensirinka na aiki a cikin akwatin kayan sassaƙa, na yagi takardar buhun siminti, ga ni zaune ina ta jan ajamin nan nawa da ka sha yi wa dariya. In ban gaya maka ba, wa zan gaya wa?

Na gama rumfarka, Malam. Kuma na sauka, namiji ne. Kamata ya yi a ce albishir kaɗai nake maka. Bari in bi maka abin a hankali, ko zuciyata ta ɗan lafa.

Ka tuna ranar da ka kawo tirelar nan gida? Baturen gona da kake yi wa aikin katako a Haɗeja zai koma ƙasarsu, ya bar maka ɗan ɗakinsa mai taya biyu, wanda yake ja a bayan mota in zai fita rangadi. Ƙarfen tayar ya karye, shi ya sa ya bar ta. Ka gyara, ka yi mata karkiya, ka ɗaura wa bijimanka, ka shigo da ita gari mutane na leƙe ta kan katanga. Mahaifiyarka Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, akurkin kaji ka jawo mana?" Kai kuwa ko a jikinka. Da ita ka riƙa zaga ƙauyukan fadama kana gyaran garmar shanu da jiragen masunta, inda rana ta faɗi nan ne masaukinka.

Wa ya san akurkin nan ne zai zama gidanmu? Da marka ta kankama kogi ya tumbatsa, katangarmu ta zube da hantsi muna kallo. Ka ɗauki Inna ka sa a ciki, ka sa 'yarmu Ladi, ka kama hannuna da tsohon cikina na hau. Ruwa har ƙirjin bijimai ka ja mu zuwa tudun nan na arewa da gari, inda kowa ya taru. Mutane suna kafa bukkokin kara, mu muna da rufin kwano, har ana ce mana masu sa'a. Amma ka san cikinta. In Inna ta miƙe, Ladi ta kwanta a ƙafafunta, ni sai dai in zauna in jingina. Girki kuma a durƙushe a gindin taya, ruwa na dukan bayana, maza na wucewa suna kau da kai.

Ban ce maka komai ba. Kai ne ka tsaya ka daɗe kana kallona ina hura wuta, sannan ka ɗauko guduma. Ka kafa ƙugiyoyi a jere a jikin tirelar, ka haƙa rami ka kafa dirka biyu, ka baza tsohon tamfol ɗinka kana aunawa da taƙi. Ka nuna mini da ƙafa inda murhu zai zauna, da inda Inna za ta sha iska, da lungun da za ka kewaye mini saboda haihuwa. Ka ce saura azara da zana, kuma suna nan a gidanmu da ya rushe. Ka ari jirgin mijin Dije, maƙwabciyarmu. Abin da ka ce mini ke nan: "Ki ɗora tuwo, kafin la'asar na dawo."

Na ɗora, Malam. Washegari masunta suka same ka a cikin ciyawar ruwa, jirgin a kife, azara na yawo a gefenka. Maƙabarta tana ƙarƙashin ruwa, don haka a nan kan tudu aka binne ka, gindin tsamiya. Daga inda nake zaune ina hangen ƙasar da aka tara maka.

Yanzu ina so in tambaye ka. Wa ya ce maka ina son rumfa? Ni na roƙe ka? Da ka tambaye ni, da na ce maka mu zauna a rana, mu zauna a ruwa, in yi ta girki a durƙushe har in tsufa. Ka san igiyar ruwan nan, kai ne kake hana mutane shiga. Me ya kai ka? Allah ya yafe mini, na san kwana ne ya ƙare, na san ba a ja da ikonsa. Amma akwai ranakun da in na dubi dirkokin nan biyu a tsaye ba komai a kansu, sai in ji kamar in tumɓuke su in jefa a kogi.

Takaba a fili ba ƙaramin abu ba ne. Mata su zo gaisuwa, babu inda zan shimfiɗa musu tabarma. In zan kama ruwa sai Dije ta kare ni da zanenta. Inna ta kama tari, hayaƙi da raɓa suka haɗu mata, ta daina cin abinci sai dai ta zuba wa tsamiya ido. Cikina kuma kullum ƙara sauka yake. Wata safiya na tambayi kaina, a ina zan haihu? A kan ƙafafun surukata, ko a gaban maza?

Ran nan na buɗe akwatinka. Na ɗauko basilla da zaren rama. Tamfol ɗin ya cinye a wurare da yawa, na farke buhunan gyaɗa na yi masa faci. Ban iya ɗinkinka ba, nawa karkatattu ne, yatsuna duk sun fashe. Azara babu, sai mijin Dije ya ba ni gorar tuƙin jirgi da ta tsage, ya ajiye daga nesa ya juya. Tun ranar da aka same ka bai iya haɗa ido da kowa a gidanmu ba. Dije ta tara mata suka yanko kaba suka saƙa mini tabarmi a maimakon zana. Muka ɗora gora a kan dirkokinka, muka rataya bakin tamfol a ƙugiyoyinka, kuma ka san wani abu? Ko ɗaya bai kuskure ba. Kowace ƙugiya tana daidai inda ake bukatarta. Na tsaya ina shafa su, na kasa ci gaba, sai Dije ce ta ƙarasa ɗaurin.

Bayan kwana kaɗan hadari ya taso daga gabas da yamma liƙis. Iska ta shiga ƙarƙashin tamfol ta ɗaga shi sama, gorar ta faɗo ta fasa mini tukunya, tabarmi suka bi ruwa. Na zauna a taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo ka. Inna ce ta rarrafo bakin ƙofa, tana tari, ta ce, "Tashi, 'yar nan. Mijinki yakan karkata rufi ne ruwa ya zube, ke kin shimfiɗa shi kamar faifai. Kuma ki kafa masa turaku." Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun kana nan. Muka sake. Na rage tsawon gefe ɗaya, na kafa turaku na ja igiya ta kowace kusurwa. Ta tsaya.

Da ma ka ga yadda ta yi. Murhu yana inda ka nuna. Mun fito da Inna tana kwana a iska, tarin ya ɗan sassauta. Ladi ta jera 'yan gwangwanayenta a lungu ta ce nan ne ɗakinta. A bayan tabarmar da na kewaye na durƙusa ranar Talata da hantsi, ruwa na dukan tamfol, Dije na riƙe da ni. Faci ɗaya ne ya yi yoyo, shi ma a ƙafata.

Yaron ƙarami ne ƙwarai. Kukansa ba ya fita sosai. Ruwan nonona bai zo yadda ya kamata ba, don babu kunun kanwa, gero ya ƙare sai ɗan tsaki. Wankan jego kuma ba a magana, itacen da ke tudun nan duk jiƙaƙƙe ne, wanda ya bushe an ƙone. Dije tana dafa mini ruwa a ƙaramar tukunya ta shafa mini da ganye. Ina duba ƙirjinsa in ga ko yana motsi, in ajiye shi, in sake ɗauka in duba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka tuna ranin da ka tafi da ni garin Guri a cikin tirelar nan, kafin a haifi Ladi? Na yi ta ɓata rai a hanya, ina cewa mutane za su ce matar kafinta ta zama 'yar yawo. Kunya ce kawai. Da muka sauka a bakin ruwa ka gasa mana kifi, ka jingina da taya kana ba ni labarin yadda za ka yi wa tirelar taga ta biyu, wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar ranar ba. Na so in ce maka kada mu koma gida. Na fasa, na ce a raina akwai lokaci.

To ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Ruwa bai tsaya ba, Malam. Ya cinye bukkokin da ke ƙasa, jiya ya taɓa turakuna. Yau da safe Bulama mai garinmu ya yi sallama daga bayan tabarma, ya yi mini barka da ta'aziyya a haɗe, sannan ya ce hukumar En'e ta aiko da jirage, kowa zai bar tudun nan kafin azahar, za a kai mu Haɗeja. Na ce tirela fa? Ya ce, "Ki yi haƙuri, Asabe. Mutum da ƙunshin kayansa kaɗai." Bijimanka tuni aka ƙetare da su tare da shanun gari saboda babu ciyawa. Ko suna nan ma, ina hanya?

Inna ta ce ba inda za ta. Ta ce ba za ta bar ɗanta ruwa ya sake cin sa ba. Ta kama dirka ta riƙe. Me zan ce mata, ni da nake jin abin da take ji? Ta yaya zan sa ƙafata a jirgi, a kan ruwan nan, da jariri a hannu da Ladi a gefe? In na zauna kuma, me zan ba su? Wa muka sani a Haɗeja? A rumfar wa zan ƙarasa jegona?

Zan tafi. Saboda yaran zan tafi, kuma ko goya Inna ne zan goya ta. Zan kwance tamfol in lulluɓe su da shi a jirgi. Sauran zan bar maka.

Ba za mu kai ranar suna a nan ba, don haka liman ya yi wa yaron huɗuba tun jiya. Inna ta ce a sa masa sunanka. Ka san tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunan nan ba, ko a bayan idonka, kuma yanzu ma a gaban mutane sai dai in ce masa Abba. Amma ɗazu da Dije ta fita, na kai bakina kunnensa na faɗa. Na faɗa a hankali, na sake faɗa. Ya buɗe ido ya dube ni.

Ana kiran mu daga bakin ruwa. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari. Sai mun zo.

Ni ce matarka, uwar 'ya'yanka,
Asabe.