Haƙorin da Ya Sauke Ni Daga Matakalar Baba

Bande, 12 ga watan Rajab, 1373

Zuwa ga yayana Inusa, a Wad Madani ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yakura da ƴar da aka ce kun samu, wadda har yau ban san sunanta ba. Allah ya raya ta, ya ƙara muku lafiya, ya sa audugar da kuke tsinka ta zama guzurin da zai ƙarasa da ku Makka. Malam Ado ne zai kawo maka wannan, gobe ayarinsu zai tashi gabas, kuma na san kafin ta iso hannunka wata damina ta wuce. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce ta ba mu kunya. Ƴar'uwarmu Dije tana ɗakinta a Dungas, ta sami namiji, rabona da ita tun ranar suna. Gidan Baba kuwa daga ni sai Gwaggo Dada, kuma kurumtarta ta kai inda ko jaki ya yi kuka a bayan ɗakinta ba ta waiwayawa. Sau da yawa nakan wuni ban yi magana da kowa ba.

Yaya, akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, gara ka ji daga gare ni. Ka tuna ranar da za ka tafi, ka kama hannuna ka kai ni gindin matakalar ƙasar nan da Baba ya gina a gefen masallaci. Ka ce shekara talatin da ɗaya Baba yana kiran salla a kanta, kafin shi kuma kakanmu ne ladan, don haka in riƙe maka ladancin amana har ka dawo. To, amanar ta kuɓuce mini. Ba ni ke kiran salla a Bande ba yanzu. Abin da ya jawo haka kuwa haƙori ne, kuma na san sai ka yi dariya kafin ranka ya ɓaci.

Tun bazarar da ta wuce na fara jin wani abu yana tsiro can ƙuryar bakina, ta ƙasa a hannun dama, bayan turmin ƙarshe. Aka ce mini haƙorin nan ne da ke fitowa bayan mutum ya yi gemu, in bar shi zai fito da kansa. Na hagu haka ya yi, ban ma san ranar da ya fito ba. Wannan kuwa ya leƙo da gefe ɗaya ya tsaya. Dasashi ya kumbura, ya sace, ya sake kumbura. Na kurkure da ruwan gishiri, na cusa kanumfari, Gwaggo ta yi mini turaren fitar da tsutsar haƙori har idanuna suka yi ja, babu tsutsa babu dalilinta. Mutane suka ce in je likita a Magariya. Ni kuwa na duba na ga zuwa da dawowa zai sa in rasa kira biyar, wataƙila goma, alhali shekara huɗu ban rasa ko ɗaya ba, kuma ina taƙama da haka. Sai na ce bari in je wurin Tsoho wanzami tsakanin azahar da la'asar, a gama ba wanda ya sani.

Ka san yadda ake yi. Wanda za a cire wa haƙori, ɗan'uwansa ne ke zama a bayansa ya rungume kansa a ƙirji, kuma shi ke leƙa bakin ya tabbatar wa wanzami wanne ne kafin a sa awartaki. Kai ka riƙe mini kai muna yara, har na cije maka yatsa, ka yi mako ba ka yi mini magana ba. Tsoho ya tambaye ni wa zai riƙe ni, na ce babu. Ya ce shi ba ya son aiki haka, in aika Dungas ko mijin Dije ya zo. Na nace. Na jingina kaina da gindin tsamiyar ƙofar gidansa, na nuna masa wurin da yatsa. Idonsa ya yi rauni, mugun haƙorin kuma yana binne ƙarƙashin kumburi, sai ya kama na gabansa. Ya fito fari tas, lafiyayye, ba ko ɗigon baƙi. Ya dube shi a tafin hannunsa, ni ma na dube shi. Ban ga laifinsa ba, ya gaya mini tun farko.

Bayan kwana uku, da magariba, na hau matakala na sa yatsa a kunne, bakina ya ƙi buɗuwa. Muƙamuƙina ya ɗaure, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Masu alwala suka ɗago kai suna jira. Da liman ya ga lokaci zai fita, ya ce Habu maɗinki ya hau. Ka san ƙuncin matakalar nan, sai da na sauko har ƙasa na ba shi hanya. Kashegari zazzaɓi ya rufe ni, fuskata ta zama kamar ƙwarya, maƙwabcinmu Dikko ya ɗora ni a jaki ya kai ni Magariya, ya koma wurin shanunsa.

Lokotoron da na tarar, wato likitan, mutumin Dahome ne, yana jin Hausa, kuma bai raga mini ba. Ya ce ba kowane irin wannan haƙori ake cirewa ba. In ya fito tsaye, ana taunawa da shi, asawaki yana kai masa, a ƙyale shi, kamar nawa na hagu. Amma in ya kwanta yana tunkuɗar maƙwabcinsa, ko nama ya rufe rabinsa abinci yana maƙalewa, dasashi yana ta kumbura yana fitar da mugunya, to ba ranar da zai gyaru, sai an fitar da shi. Ya ce tun kumburi na biyu ya kamata in zo, kuma da kumburin ya gangara maƙogwarona da ba haƙori za a yi magana ba, jana'iza ce. Ya yi mini allura kwana bakwai har bakin ya ɗan saki, sannan ya ba ni takarda zuwa Damagaram, don aikin ya fi ƙarfin kayansa. Kamyon da na hau, wato motar kaya, ta Bande ya bi, kuma daidai azahar muka ratsa gari. Ina zaune a kan buhuna na ji muryar Habu daga matakalar Baba. Na ja rawani na rufe fuska kada wani ya gane ni.

A Damagaram wani lokotoro Nasara ne ya yi aikin. Kafin ya fara ya sa aka tambaye ni wa ya rako ni, na ce ni kaɗai ne. Wani ma'aikacinsu ya riƙe mini kai, hannunsa na ƙamshin sabulu, idonsa na kan taga, ko sunana bai tambaya ba. Aka yi allura wurin ya mutu, aka tsaga nama, aka fasa haƙorin biyu aka zaro. Ban ji zafi sosai ba, amma hawaye suka yi ta zuba, har Nasaran ya zaci allurar ce ba ta kama ba. Kai na tuna, Yaya.

Sai bayan kwana arba'in da uku bakina ya buɗu yadda ya kamata. Na je gonarmu ta gabas inda ba kowa, na gwada kira tun daga farko har ƙarshe, murya ta fita sarai. Na tafi wurin liman da murnata. Ya saurare ni, ya yi mini barka, sannan ya ce Habu ya tsaya wa jama'a lokacin da babu kowa, ba zai sauke shi haka nan ba. Ya ce ni dama riƙo nake yi, ladancin na Inusa ne, duk ranar da Inusa ya dawo matakalar ubansa tana jiransa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na guji rasa kira biyar, na rasa duka. Ka yafe mini. Ba na ce ka fasa Makka ba, Allah ya kiyaye, amma in ka sauke farali kada Sudan ta riƙe ka kamar yadda ta riƙe wasu.

Gwaggo ba ta san komai ba. Ta ɗauka da na warke na koma aikina, kuma ba wanda ya iya yi mata ihun wannan labari a kunne. Duk lokacin salla ina fita da wuri kamar da, in tsaya bayan masallaci har Habu ya gama, sannan in shiga sahu. Ita kuwa in ta hango maza suna wucewa ta ƙofar gida da butoci, sai ta san an yi kira.

Ka gaida Yakura, ka shafa mini kan ƴarmu, ka aiko da sunanta. Dije da mijinta suna gaishe ku, haka Dikko, haka Tsoho, wanda har yau in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai. Gwaggo tana zaune kusa da ni tana ɓarar gyaɗa, ta ce lallai in rubuta maka saƙonta kamar yadda ta faɗa. Ta ce tun da aka cire haƙorin nan jama'a sun fi saurin fitowa, ta tabbata muryata ta kamo ta Baba, ka yi maza ka dawo ka ji.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Sule