Tambayar da Likitan Zuciya Ya Yi Mini

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna? Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Muna lafiya duk da nisa. Autata tana cin abinci, sai dai leɓɓanta kan yi baƙi in ta hau bene. Jiya likitan zuciya ya tambaye ni ko wani namu ya taɓa faɗuwa ya rasu farat ɗaya. Na ce babu, don ba ma zancen Baba a gidanmu.

Ranar Alhamis za su yanke shawarar yi mata aiki. Ki lallaɓi Inna ta faɗi yadda Baba ya cika. In ta yi kuka, ki ce don jikarta ne.

Likitan yana duba manya ma. Ya ce in kwanta ya saurari tawa zuciyar. Ban kwanta ba tukuna.

Allah ya sada mu.

Ƙanwarki