Kangon Da Ɗanka Ya Hau

Zuwa ga ƙanena Malam Yahya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin lafiya da rufin asiri, kai da Sa'ida da yara, ya tsare ku daga sharrin baƙunta, ya kuma sa albarka a cikin neman da ya kai ka Fatakwal. Mu nan sai godiya. Zafi ya tsananta ƙwarai bana, rijiyar masallaci ta ja baya, masu noman rani a Watari kuma suna ta kukan tumatir ya faɗi. Asiya uwargidana tana fama da gwiwarta, amma tana tashi tana 'yan hidimominta. Raudatu matar ɗanka ta yi nauyi, ana sa ran ta sauka kafin damina ta zauna, Allah ya raba lafiya. Direban da yake kai albasa kudu na ba wa wannan takarda, domin maganar ba ta waya ba ce. Na san ka, a waya ba zan kai tsakiya ba za ka yi dariya ka ce Yaya ke nan, ka sako wata hirar.

Na ji saƙon muryar da ka aiko wa Raudatu. A tsakar gida ta kunna shi, ina alwala. Na ji kana cewa ɗanka namiji ne, ka ga hotonsa a waya yana hawa tsani cikin hayaƙi har tsigar jikinka ta tashi, wai ya gaje ni, ya yi maza ya warke ya koma bakin aiki. Ɗanka nake cewa don naka ne. Ni na haife shi, shi ne ɗan farina, amma kai ka ɗauke shi tun daga yaye, a hannunka ya yi allo ya yi boko, kuma maganarka ce kaɗai take shiga kunnensa. Saboda haka ya kamata ka san abin da mai wayar bai ɗauka ba, tun da shi hawan kawai ya ɗauka, da abin ya ɓaci sai ya ruga.

Ka tuna gidan marigayi Alhaji Kamaruddeen, na bayan masallacin Juma'a. Tun da ya rasu 'ya'yansa suka kwashe matan suka koma Kano, suka sa kwaɗo a ƙofa. Gidan soro ne na ƙasa da azara irin na da. Don kada su riƙa zuwa yaɓe kowace shekara, sai suka aiko kafinta ya ɗora rufin kwano a kan soron yadda yake, kamar yadda kowa ya koma yi yanzu. Daga waje sai ka ce gida mai rai. A ciki kuwa gara ta gama da azarar, kwanon yana yoyo ba mai dubawa. Katangar baya ta zube, maƙwabta suka sami wurin ajiya, suka cika ɗakunan da harawa da karan dawa. Zuma kuma ta kama a wani ɗaki. Wasu suka shiga cin zuman da bakin wuta, suka fita suka bar abinsu yana ci a ƙasan harawa. Ba a farga ba sai bayan la'asar, da hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwanon.

Aka buga wa 'yan kwana-kwana waya, suka zo, ɗanka yana cikinsu. Ba zan zalunce su ba, farkon aikinsu ya yi kyau. Suka jiƙa katangun maƙwabta, suka janye zanar da take jingine, suka kori mutane baya. Sai tankin motar ya ƙare, dole direba ya juya zuwa madatsar ruwa ta Watari ɗebo wani ruwan. To a nan ne mutanenmu suka nuna halinsu. Wani ya ce ashe ruwan alwala aka kawo mana. Wani ya ce ai kallo suka zo kamar kowa, bambancinmu da su hular kwano. Wata tsohuwa tana ta ihu wai a zamanin mazan ƙwarai da tuni an haye an yaye rufin. Ka san al'adarmu, idan ɗakin ciyawa ya kama, samari kan hau su yaye jinkar na kusa don kada wuta ta tsallaka, kuma wanda bai hau ba ba ya cikin maza. Da wannan ma'aunin suke auna kowace gobara. Shugaban ayarin, wani Oga Sabiru, ya ga wayoyi sun yi masa caa, kunya ta kama shi, ya ce a kafa tsani a buɗe rufi hayaƙi ya fita. Ɗanka bai jira an nuna shi ba, ya ɗauki gatari.

Yahya, ka san a wannan aikin na tsufa. An tura ni kwas, na zauna a aji na koyi halin wuta a hannun mutanen da suka san ta, na dawo ina zaton za a ce in koyar. Aka ba ni benci a ƙofar ofis har na yi ritaya, waɗanda ba su san ta ina ake riƙe mesa ba suna wuce ni ina tashi ina sara musu. To bari in koya maka kai, ko da a takarda. Fasa rufi dabara ce ta gaskiya. Ana yin ta ne don zafi da hayaƙi su sami hanya ta sama, waɗanda suka shiga ciki su ga gabansu su fito da wanda ya maƙale. Amma ba a fasawa sai ruwa yana cikin mesa, mai riƙe da ita yana tsaye a shirye, domin ramin da ka buɗe wa hayaƙi shi ne yake ja wa wuta iska. Ba a taka rufi sai an ƙwanƙwasa shi an ji amsarsa. Gaba da duk wannan, sai an tambayi wa za a ceta. A gidan Alhaji Kamaruddeen babu kowa. Ko akuya babu. Harawa ce da ƙadangaru. Irin wannan kangon daga waje ake tsaya masa, a tsare gidajen da ke da mutane, shi kuwa a bar shi ya ci kansa. Ba a sa ran ɗan mutum a kan abin da masu shi suka kulle suka manta da mabuɗinsa.

Ina cikin taron. Na ratsa na isa wurin Oga Sabiru na gaya masa rufi biyu ne, na ƙasa ruɓaɓɓe, kuma babu ruwa. Ya dube ni ya ce Baba a yi haƙuri a koma baya, ma'aikata suna aiki. Kafin in juya ɗanka ya kai sama, yana taka kwanon yana lotsawa. To ka san tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ko a takardar makaranta kai ka rubuta. Idan ina son sa, sai in ce da uwarsa ina wancan, ita ma ta kau da kai ta aiki wani. A ranar nan na buɗe murya gaba ɗaya, a gaban limami da mai unguwa da surukaina, na kira shi da sunansa na yanka, na ce ya sauko. Ya waiwayo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai irin na ladabi, sannan ya juya ya ɗaga gatarin. Daga ƙasa ana ta yi masa kirari.

Sara kaɗan ya yi ya ɓamɓare falle ɗaya. Hayaƙin da yake fitowa a hankali ya koma baƙi ƙirin, ya yi sama da ƙarfi, sai wuta ta biyo shi da wani gurnani da na san shi tun ina saurayi. Soron ƙasa ya rufta, ya ja katakon da kwanon ke kai, ɗanka ya tafi tare da su. Allah ya sa ta wajen zaure ya faɗa, inda wutar ba ta kai ba sosai. Abokan aikinsa da wasu manoma suka fasa bango da diga suka jawo shi. Cinyarsa ta karye, hannun dama da gefen wuyansa sun ƙone. Da motar ta dawo da ruwa, a kan garwashi aka zuba shi. Gidan ya ƙone ƙurmus, kamar yadda zai ƙone ko an hau ko ba a hau ba. Gidajen maƙwabta kuwa ba abin da ya same su, kuma jiƙa katangar da aka yi tun farko ce ta tsare su. 'Ya'yan mai gidan sun aiko da jaje ta waya. Na ji ma sun ce dama suna da niyyar rushe shi su yi bulo.

Kana tsammani garin nan zai zauna ya tambayi wanda ya tura mutum kan rufi babu ruwa? Ko wanda ya cika gidan wani da harawa? Ko kusa. Abin da ake tattaunawa a majalisa shi ne Malam Iliyasu ya kira sunan ɗan farinsa da rana tsaka. Taubasanmu sun sami abin yi. Abdussalam mai shayi ba ya gani na sai ya ce ga bature, ga wanda boko ya cinye wa kunya, wai in maimaita sunan a ji ko na iya faɗarsa daidai. Mata suka je wa Asiya jaje biyu, na ɗa da na miji. Har limami ya ja ni gefe, cikin mutunci, ya ce Allah ya ƙara haƙuri, amma dattijo yana riƙe kansa. Na ce na gode. Oga Sabiru kuwa ya je asibiti da lemo, aka ɗauke su hoto yana dafe da kafaɗar ɗanka, ya ce irinsu ake nema, da zarar ya miƙe, a gaban ayari zai sa shi. Ɗanka yana kwance ƙafa a ɗaure yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Na gwada yi masa magana. Na je asibitin, na tsaya a bakin ƙofa yadda ya dace da ni, na fuskanci Raudatu ina yi mata bayanin rufi da iska da ruwa, don shi ya ji. Ya saurara kai a ƙasa, da na gama ya ce to Baba, Allah ya ƙara girma. Haka yake ce mini a kan komai tun yana ƙarami, ko ruwa na ce ya miƙo. Daga baya Raudatu ta gaya wa Asiya, wai ya ce ilimin Baba na zamanin da ne, kuma tsoro ne irin na tsufa. Ya ce ba zai yarda a ce ɗan wane ya faɗo sau ɗaya ya ja da baya ba, kuma ai Baba Yahya ma ya ce ya koma. Likita ya ce ƙafar za ta haɗe amma ba za ta koma kamar da ba. Da wannan ƙafar yake shirin sake hawa. Kangaye kuwa ƙaruwa suke yi a ƙasar nan, daga nan har Bagwai da Ɗambatta, duk wanda ya sami abin hannu sai ya ɗora kwano a kan soron ubansa ya tafi birni.

Abin da nake nema a wurinka guda ɗaya ne. Ban ce ka raba shi da aikinsa ba. Aiki ne na lada, kuma ranar da aka ce akwai rai a cikin ɗaki, ni da kaina zan riƙe masa tsani. Ka kira shi, ba saƙon murya ba, ka janye maganar da ka yi. Ka sa ya yi maka alkawari da bakinsa cewa ba zai ƙara taka rufin gidan da ba kowa a ciki ba, ko wa ya umarce shi, ko garin duka ya taru yana yi masa dariya. Ka gaya masa ba shi kaɗai ne da kansa ba yanzu, akwai wanda yake hanya. Kada ka ce masa ni na sa ka, don da ya ji haka zai ce to, maganar ta mutu. Ka yi kafin a sallame shi, domin da zarar ya fito ya ji kirarin majalisa, kai ma ba zai ji ka ba.

Idan kuma ka ga tsufa ne yake damun yayanka, shi ke nan, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Amma ka san yadda ake yi a gidanmu. Ranar da aka kawo shi a rufe, kai za a shimfiɗa wa tabarma a zaure, kai za a riƙa miƙa wa hannu ana cewa Allah ya ba ka haƙurin ɗanka. Ni gefe zan koma, fuska a sake, ina yi wa baƙi sannu da zuwa, don uba ba ya kukan ɗan fari a gaban mutane. Zan iya, Yahya, an hore ni a kan haka. Kai ne ban sani ba ko za ka iya.

Ka gaishe mini da Sa'ida, ka ce Asiya ta gode da maganin gwiwa. Ka gaida Fahad da Sakina, ka ce su riƙe karatu. Ka gaida Malam Kamilu maƙwabcinka da duk 'yan garinmu da ke can. Asiya da Raudatu suna gaishe ku. Allah ya tsare mu da wuta, ta nan da ta can.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Iliyasu